Ƙafar Dama, Malamin da Ya Ƙi Ɗaga Jirgi

Shekara da shekaru, shi ne mutum na farko da mai gadi ke buɗe wa ƙofar makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Ba ofis yake fara shiga ba. Sai ya ajiye tsohuwar motarsa a gefen rumfar jirage, ya taka zuwa bakin titin da ƙananan jirage ke tashi, ya tsaya yana kallon doguwar jakar yadin nan da ake ɗaurawa a kan sanda don ta nuna inda iska ta dosa. In ya gama da iska, sai ya dawo ya zauna a kan benci a ƙofar ɗakin ɗalibai, ya fara aikin da ya sa ake yi masa dariya a bayan ido, wato duba takalma.

E, takalma. Babban malami mai furfura, wanda ya fara tuƙi tun ba a haifi yawancin ɗalibansa ba, zai sa ƙaton saurayi ya ɗaga ƙafa kamar za a cire masa ƙaya. Takalmi mai kaurin ƙasa, a cire. Mai santsi, a cire. Wanda ya zo da silifa kuwa ko magana ba ya samu, ƙofa kawai ake nuna masa. A bayan ƙofar akwai wani kwali cike da tsofaffin kambas masu laushi, manya da ƙanana, duk wanda takalminsa bai yi ba sai ya zaɓa a ciki. 'Yata ta ce warin kwalin nan kaɗai ya isa ya shiryar da mutum.

Ni ba matuƙiya ba ce, kuma ko a babban jirgi na shiga, idona a rufe yake har sai an daidaita a sama. Ma'aikaciyar jinya ce ni, a ɗakin masu karaya na yi kusan duk rayuwar aikina. Abin da ya haɗa ni da wannan bawan Allah shi ne autata, wadda ta kafe sai ta koyi tuƙin jirgi, ta faɗa hannunsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa takaici ne. An sallami mutumin nan daga aiki ba ko sannu, an kuma liƙa masa sunan da ba nasa ba. Yau in ka ambace shi a wajen waɗanda suka san makarantar, sai ka ji an ce, "Au, tsohon nan da ya ka da jirgi?" Wannan sunan nake so in kankare masa, in Allah ya ba ni iko.

Sunan da ɗalibansa suka sa masa daban ne. Ƙafar Dama suke ce masa, kuma sai da Auta ta zaunar da ni ta jera silifa biyu a ƙarƙashin teburin cin abinci kafin na gane dalili.

"Mama, kin ga waɗannan? Su ne feda. Muddin jirgi yana ƙasa, da ƙafa ake tuƙa shi, ba da hannu ba. Ki taka dama ya yi dama, ki taka hagu ya yi hagu."

"To meye abin wahala a nan? Ai ko keken ɗinki haka ne."

"Mama, keken ɗinki ba ya gudu da ke cikin ciyawa."

Ta bayyana mini cewa idan aka ba ƙaramin jirgi wuta don ya tashi, juyawar farfelar da ke hancinsa tana jan shi zuwa hagu. Ba lalacewa ba ce, halinsa ke nan. Dole matuƙi ya riƙa danna ƙafar dama daidai gwargwado don ya tsaya a tsakiyar titi. In kuma iska tana bugowa daga gefe, sai ta tura wutsiyar, hancin ya juya ya fuskanci iskar. Ga wani tarkon kuma: birki yana saman fedar ne, don haka diddige dole ya zauna a ƙasa. Yatsu suka zame sama, mutum ya taka birkin taya ɗaya bai sani ba, jirgi ya yi kwana da gudu. Shi ya sa Malam ke duba takalma, shi ya sa kuma tun daga farkon titi har ƙarshensa abin da ɗalibi ke ji a kunne shi ne, "Ƙafar dama! Ƙara! Ƙafar dama na ce!"

Amma ba takalma ne babban abin da ya bambanta shi da sauran malamai ba. Kowane malami yana koyar da tashi. Shi ya fi ba da ƙarfi a kan fasa tashi. Ana cikin gudu a titi, ɗalibi ya gama sa rai zai ga gari daga sama, sai Malam ya ce, "Fasa." Dole a take ɗalibi ya janye totur, wanda a jirgi da hannu ake turawa, ya riƙe jirgin a miƙe da ƙafa har ya tsaya. Ba ya faɗa wa kowa ranar da zai yi haka. Kuma duk ɗalibin da ya fasa tashi da kansa, don ya ji jirgi yana neman ƙwace masa, Malam da hannunsa yake haɗa masa shayi a gaban kowa, ya kawo masa har inda yake zaune. A wurin da samari ke ganin fasa tashi abin kunya ne, shi ya mayar da shi abin da ake yi wa mutum hidima a kai.

Matar da ke aiki a hasumiya, mai ba jirage izinin tashi ta rediyo, ta gaya mini cewa ko ba ta duba ba tana gane ɗalibansa da murya. "Sauran in za su ce sun fasa, sai ki ji kamar an kama su da sata," in ji ta. "Nasa kuwa faɗa suke yi kai tsaye, kamar mai cewa a miƙo masa ruwa." Wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu manyan jirage yake tuƙawa, ya ce mini sau ɗaya a rayuwarsa ya taɓa tsayar da jirgi cike da fasinja yana tsakiyar gudu, kuma har ya tsaya bai yi tunanin komai ba, hannunsa da ƙafarsa ne suka yi aikin. Da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne kofin shayin Malam mai tsagaggen baki.

Malam, kai ne ka zauna a ƙaramar kujerar dama ta jirgin koyo har gashinka ya yi fari, alhali waɗanda ka koya wa suna wucewa ta samanka da kwat da hula. Kai ne ka yarda a riƙa kwaikwayon muryarka ana dariya, muddin za a tuna da abin da muryar ke faɗa. Uban masu diddige a ƙasa, ban taɓa jin ka ce an ci amanarka ba, ni ce nake faɗa a madadinka.

Abubuwa sun fara canzawa da aka kawo sabon shugaban makaranta. Ba zan ce mugu ba ne. Mutum ne mai son a ga jirage a sama da ɗalibai suna gamawa da wuri. Shi a ganinsa duk jirgin da ya yi gudu ya tsaya ɓata lokacin titi ne, har ya taɓa cewa a taron malamai iyaye ba su turo 'ya'yansu su koyi tsayawa ba. Ni uwa ce, kuma ba wanda ya tambaye ni. Malam bai yi musu da shi ba, bai kuma daina ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, an kwana ana ruwa, iska tana kaɗawa daga hagu tana tsayawa tana dawowa. Auta ce a kan tuƙi, Malam yana gefenta. Ta ba jirgi wuta, suka fara gudu lafiya. Can sai iska ta bugo da ƙarfi, hancin ya karkata hagu. Ta taka dama, amma ta makara, sai ta taka da yawa, jirgin ya yi dama. Ta mayar da ƙafa hagu a firgice, yatsunta suka haye birki. Jirgin ya juya gadan-gadan ya nufi gefen titi, inda bayan ciyawa akwai motar mai a ajiye, bayanta kuma rumfar da makanikai ke aiki.

"Na karɓa," in ji Malam. Auta ta ce muryarsa ko rawa ba ta yi ba. "Sauke ƙafafunki."

Ya janye totur gaba ɗaya. Ya danne dama har ya kau da hancin daga saitin motar man, amma titi ya riga ya ƙare musu ta gefe. Suka shiga jiƙaƙƙiyar ciyawa suna rage gudu, tayar gaba ta faɗa magudanar ruwa ta karye, jirgin ya dungura hanci ya tsaya, wutsiya a sama, farfela a lanƙwashe. Ya kashe komai, ya kwance mata bel, ya tura ta waje, sannan ya fito. Ita ko ƙwarzane babu. Shi goshinsa ya ɗan fashe.

Auta ta ce tana tsaye tana kuka tana cewa ta kashe jirgi, shi kuma yana danne goshi da hankici, sai ya ce mata, "Kuskure kika zo yi a nan, ni kuma gyarawa na zo yi. Kowa ya yi aikinsa. Share hawayenki."

Kafin azahar hoton ya zagaye wayoyi. Jirgi ya kafa kai a ƙasa, tsoho a gefe da hankici a goshi. Wani ya rubuta a ƙasan hoton wai jirgi ya sunkuya yana gaida malaminsa. A wurin aiki wata abokiyar aikina ta miƙo mini wayarta tana ƙyalƙyala dariya, ba ta san 'yata ce ta fito daga cikinsa ba. Na kalli hoton, na kalli gadajen da ke gabana, na mayar mata da wayarta.

Ku da kuka yi dariya, ku zo in zagaya da ku ɗakin da nake aiki. Na san yadda ake shigo da mutumin da ƙarfe ya naɗe. Na san ƙarar da uwa ke yi a baranda idan likita ya fito yana cire safar hannu bai kalle ta ba. Na wanke jikin da ba a gane ina ne gaba ina ne baya. Ranar nan 'yata ta dawo gida da ƙafafunta, ta ƙi cin abinci, ta shige ɗaki ta banko ƙofa, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin ƙarar banko ƙofa irin ta ranar ba.

Aka kafa kwamiti. Ba wanda ya ɓoye cewa ƙafar Auta ce ta hau birki, ita da bakinta ta faɗa. Amma maganar da ta fito daga ofishin shugaba ita ce jirgin ya kusa kai gudun tashi, da ƙwararre ne mai jini a jika da ya ɗaga shi sama ya tsallake ciyawar, da ba a yi asarar komai ba. Wai tsufa ne ya sa Malam jin tsoro. Wai ɗabi'ar fasa tashi ta bi jikinsa har ta zame masa ciwo. Aka ce ya je ya huta.

Na je na sami babban makaniken makarantar, wanda yake cikin rumfa a ranar. Yana goge hannu da tsumma ya ce, "Maman Auta, jirgin da aka fizge daga ƙasa bai kai gudunsa ba yana tashi kam, ba na musu. Zai yi sama kamar tsayin wannan rumfar, sai fiffike ɗaya ya saki, ya juyo da kai. To a ina zai sauko? Ga motar mai, ga ni, ga mutanena. Ni dai taya na canza, farfela na canza, na buɗe injin na duba. Ga jirgin can, jiya ma ya tashi."

Jirgin ya koma aiki. Mutumin ne bai koma ba.

Ban tsaya nan ba, na shiga ofishin shugaban da kaina. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi.

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki. 'Yarki ba abin da zai shafi karatunta."

"Ba don ita na zo ba, ranka ya daɗe. Don malaminta na zo."

"Ai mun girmama shi. Ba korarsa aka yi ba, ritaya ce."

"Ritayar da ba taro, ba godiya, ba ko hoto? Hoton da ya rage masa shi ne wanda ake yi wa dariya."

"Hajiya, harkar jirgi tana da wuyar ganewa ga wanda ba ya ciki."

"Gaskiya ne, ban san jirgi ba. To ka ba ni amsa a kan abin da na sani. Da 'yarka ce a kujerar nan, ɗagawa za ka so ya yi ko tsayawa?"

Ya gyara zaman tabaransa, ya ce tambayar ba ta da alaƙa da binciken. Na bar masa ruwansa ban sha ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba shi shugaban ba ne. Shirun sauran ne. Malaman da shi ya koya musu tuƙi, suna nan a makarantar, kowa ya sunkuyar da kai yana kare kujerarsa. Matuƙan da ke yawo ƙasa-ƙasa da abin da ya zuba musu a ƙafa, in ka kira su a waya za su cika maka kunne da yabonsa, in ka ce su faɗa a fili sai ka ji layi ya fara yankewa. An yaye su Auta, an yi jawabai, an gode wa har kamfanin da ya kawo kujerun taro, amma mutumin da ba don shi ba da kujera ɗaya ta zauna ba kowa, ba a ambace shi ba. Yanzu na ji an kwashe kwalin takalman an zubar, kuma sababbin ɗalibai sun fara ɗaukar darasin da aka koya musu ba da baki ba: in jirgi ya ƙwace maka, ka fizge shi sama ka yi addu'a, don wanda ya tsaya korarsa ake yi. Wannan darasin wata rana zai aiko mini da wani a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, in ma an yi sa'a ya iso wajena.

Don haka ina roƙon duk mai koyar da wani aiki mai haɗari, ko tuƙin mota ne, ko injin masana'anta, ko aikin tiyata, ya ɗauki halin mutumin nan. Ku koya wa na ƙasa da ku yadda ake tsayawa, ku kuma girmama wanda ya tsaya a gaban jama'a, don na baya su gani. Ku kuma tsofaffin ɗalibansa, kun san gidan. Ba waya nake nufi ba, ku je da ƙafafunku.

Ni na je, makon da ya wuce, ni da Auta. Matarsa ta tarbe mu, ta ja Auta suka shiga kicin. A hanya ta ɗan rage murya ta ce mini ya daina zuwa shagon aski, ita ke yi masa a gida, saboda ranar ƙarshe da ya je wani ya nuna shi da baki ya ce ga direban jirgin nan mai sujada.

Na same shi a baranda a kan kujerar roba, ya rame. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi yadda Auta ke ji da sabon wurin da ta samu. Sai ya juyo, wannan mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana faɗa wa matasa su tsaya ba tare da kunya ba, ya tambaye ni a hankali, yadda ba za a ji daga ciki ba:

"Maman Auta, ina ta juya abin a raina. Da na ɗaga shi, kina ganin da ya tashi?"

Ashe har nan suka kai shi. Raba shi da aiki bai ishe su ba, sai da suka shiga cikin kansa suka zauna. Daidai lokacin matarsa ta faɗi wani abu a kicin, Auta ta fashe da dariyar nan tata mai ƙarfi wadda tun tana ƙarama nake hana ta yi a gidan mutane.

Na ce, "Malam, ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, shugaban ma bai sani ba. Da ka ɗaga, wataƙila ya tashi, wataƙila bai tashi ba, kuma da ran 'yata za a yi gwajin. Kai ka ƙi a yi gwaji da ita. Ka ji ta can."

Ya karkata kunne wajen kicin, ya daɗe yana saurare. Sannan ya sa bayan hannu ya goge ido, ya ce hayaƙin girki ne.

Na gode, Malam. Duk mai so ya ci gaba da cewa ka ka da jirgi. Ni uwar wadda ke ciki ce, kuma na shaida a gaban Allah da mutane cewa ban binne kowa ba.